Hawan Sukari da Asuba: A Ƙara Allura, a Sauya Lokacinta, ko a Sauya Irin Insulin?

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da masu ciwon sukari da ke allurar insulin kan kai wa likita akwai wannan: mutum ya kwanta da daddare sukarinsa yana kan 140, bai sa komai a bakinsa ba har gari ya waye, amma da ya tashi sallar asuba ya soki yatsa sai na'ura ta nuna masa 210. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne allurar dare ta yi kaɗan, saboda haka a ƙara mata. Wani lokaci gaskiyarsa ce, wani lokaci kuwa wannan ƙarin ne zai jefa shi cikin faɗuwar sukari yana tsakiyar barci, lokacin da babu wanda yake farke balle ya lura da shi. Hanyoyin gyara wannan matsala sun kai huɗu ko biyar, kuma sun bambanta ƙwarai ta fuskar tsada da wahala da haɗari, don haka zaɓi tsakaninsu ya rataya ne a kan sanin abin da ya faru tsakanin kwanciya da tashi.

Ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ba mafi yawan manya shi ne sukarin safe, kafin a ci komai, ya tsaya tsakanin 80 da 130 mg/dL, wato 4.4 zuwa 7.2 mmol/L ga wanda na'urarsa ke amfani da ɗaya ma'aunin, kuma ana samun na biyun ne idan an raba na farkon da 18. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwa ce, ƙasa da 54 kuma faɗuwa ce mai haɗari. Likita kan sassauta wannan ma'auni ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda, ya kuma tsananta shi ga mai juna biyu, wadda ake so sukarinta na safe ya kasance ƙasa da 95.

Lambar safe ita kaɗai ba ta faɗin dalili, domin abubuwa huɗu mabambanta suna iya haifar da 210 ɗin nan guda. Abin da ke rarrabe su shi ne gwaji sau uku a dare ɗaya: lokacin kwanciya, wajen ƙarfe uku na dare, da kuma lokacin tashi, a maimaita haka dare uku ko huɗu, a rubuta a littafi tare da abin da aka ci da lokacin da aka yi allura. Wanda ya saba tashi nafilar dare ya samu sauƙi, sauran mutane kuwa sai su sa agogon waya ya tashe su. Tsinken gwaji yana da tsada, kuma na san da yawa suna tattalinsa kamar zinariya, amma guda goma sha biyun da za a kashe a waɗannan darare sun fi amfani da guda talatin da za a kashe ana gwajin safe kullum ana ganin lamba ɗaya ba tare da sanin inda ta fito ba.

Idan aka kwanta da 140, ƙarfe uku aka samu 125, da safe kuma 200, wannan shi ne hawan asuba na ainihi, wanda masu bincike suka raɗa wa suna a shekarar 1981. Daga wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare jiki yana sakin sinadaran da ke shirya shi ga farkawa, musamman sinadarin girma da kotisol, waɗanda ke sa hanta ta zubo sukarin da ta adana cikin jini kuma su rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya ma hakan na faruwa da shi, sai dai jikinsa yana ƙara fitar da insulin nan take ya daidaita al'amarin, mai allura kuwa abin da ya zuba tun da daddare ne kaɗai yake da shi. Idan aka kwanta da 140, ƙarfe uku aka samu 180, da safe 220, to insulin ɗin dare ne bai isa ba ko kuma ƙarfinsa ya ƙare da wuri, shi ya sa sukari ke hawa sannu a hankali tun farkon dare. Idan kuwa aka kwanta da 250, ƙarfe uku 230, da safe 210, to daren ba shi da laifi, tun daga abincin dare aka taho da matsalar. Na huɗu shi ne a kwanta da 130, ƙarfe uku a samu 60, da safe a ga 190.

Wannan na huɗun ne ake jinginawa ga Michael Somogyi, masanin sinadarai ɗan asalin Hungary da ya yi aiki a birnin St. Louis na Amurka, wanda tun a shekarun 1930 ya ce idan insulin ya yi yawa ya kayar da sukari cikin dare, jiki kan mayar da martani har sukarin ya zarce da safe. An daɗe ana koyar da wannan a matsayin tabbas, amma tun da aka samu na'urorin da ke bin sukari dare da rana, bincike ya nuna cewa daren da sukari ya faɗi galibi safiyarsa ma ƙasa take kasancewa, kuma inda aka ga hawa bayan faɗuwa, sau da yawa mutumin ne ya farka jikinsa na rawa ya shanye kwalbar lemo guda ya bi da burodi. Duk da haka darasin yana nan daram, domin ko martanin jiki ne ko lemo ne, wanda aka kama da 60 da ƙarfe uku ragi yake bukata, kuma abin da aka saba shi ne likita ya rage kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na allurar. Alamominsa ga wanda bai yi gwaji ba su ne tashi da riga jiƙe sharkaf da gumi a daren da ba a yi zafi ba, munanan mafarkai, ciwon kai da safe, da gajiya kamar ba a yi barci ba. Sau da yawa matar mutum ko mijin ne ke fara lura, saboda juye-juye da sambatun da ake yi cikin barci.

Hanya ta farko, wato ƙara yawan allura, ita ce mafi sauƙi, kuma ta dace da mutum na biyu kaɗai, wanda sukarinsa ke hawa tun farkon dare ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Tsarin da aka saba shi ne a ƙara yunit biyu, a jira kwana uku a gani, sannan a sake ƙarawa idan akwai bukata, har lambar safe ta shiga ma'auni. Amfaninta shi ne ba ta bukatar sabon magani ko sabon koyo. Aibinta shi ne tana da iyaka, kuma mutane kan wuce iyakar ba su sani ba. Idan insulin mai dogon aiki ya haura rabin yunit ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato yunit 35 ga mai kilo 70, ko kuma sukarin kwanciya ya ɗara na safe da 50 ko fiye, likitoci suna ɗaukar haka alamar an ɗora wa allurar dare aikin da ba nata ba, tana ta kwashe sukarin tuwon dare maimakon ta tsare hanta kawai. Irin wannan mutum ranar da ya kwanta bai ci sosai ba, saboda zazzaɓi ko tafiya ko rashin jin daɗin abinci, ranar ce allurar za ta kayar da shi.

Hanya ta biyu, sauya lokacin allura, ita ce a ganina aka fi yi wa sakaci alhali ta fi kowace arha, kuma ta shafi masu amfani da insulin mai gurɓi-gurɓi kamar ruwan nono, wanda ake kira NPH. Sunan ya samo asali ne daga Hans Christian Hagedorn na ƙasar Denmark, inda aka haɗa shi a 1946, kuma shi ne ke cikin Insulatard da Humulin N. Wannan insulin yana fara aiki bayan awa ɗaya zuwa biyu, ƙarfinsa yana kai ƙololuwa tsakanin awa huɗu zuwa takwas, sannan ya ja baya a hankali. Lissafin a bayyane yake. Wanda ya yi allurarsa ƙarfe bakwai bayan magariba, ƙololuwar za ta same shi tsakanin sha ɗaya na dare da wajen ƙarfe uku, daidai lokacin da jiki ya fi ƙarancin bukatar insulin, sannan lokacin da hanta ta fara zubo sukari da asuba allurar ta riga ta fara gajiya. Wannan mutum yana iya fama da faɗuwa da hawa a dare guda, kuma duk yunit ɗin da ya ƙara yana zurfafa faɗuwar ne fiye da yadda yake rage hawan. Idan aka matsar da wannan allurar zuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare, ƙololuwarta sai ta faɗo kan asuba, inda ake bukatarta. Wani bincike da aka yi a Perugia ta Italiya, aka buga a 2002, ya nuna cewa masu nau'in ciwon sukari na ɗaya, wato waɗanda jikinsu ya daina yin insulin, da suka mayar da NPH lokacin kwanciya sun samu ƙarancin faɗuwar dare da kuma ingantaccen sukarin safe idan aka kwatanta da lokacin da suke yin ta tare da abincin dare.

Sai dai a nan akwai tarko ga masu amfani da haɗaɗɗen insulin irin Mixtard 30 ko Humulin 70/30, wanda mutane da yawa a ƙasashenmu suke yi sau biyu a rana. Kashi 70 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar NPH ne, kashi 30 kuma insulin ne mai saurin aiki da aka tanada don abinci, shi ya sa ake yin allurar kamar minti talatin kafin a ci. Ba a matsar da irin wannan zuwa lokacin kwanciya, domin kashi talatin ɗin nan zai yi aiki a kan cikin da babu abinci, ya kayar da sukari kafin ƙarfe ɗaya na dare. Hakanan ba a iya ƙara ɓangare ɗaya a bar ɗayan, duk ƙarin da aka yi don asuba ya shafi na abinci. Mafita ita ce a raba allurar yamma gida biyu, a yi mai saurin aiki irin Actrapid kafin abincin dare, a yi NPH tsantsa lokacin kwanciya. Abin da za a biya shi ne allura uku a rana maimakon biyu, da sayen kwalba iri biyu ko uku, da kulawar kada a rikita su. Ga dattijon da idonsa ya raunana, ko wanda ɗansa ne ke zuwa ya yi masa allura safe da yamma, wannan wahalar ba ƙarama ba ce, kuma tana iya isa ta sa a karkata ga hanya ta uku.

Kafin a bar maganar NPH, akwai abin da ake rainawa alhali yana sauya sakamako. Idan kwalbar ta ɗan jima a ajiye za a ga farin abu ya kwanta a ƙasa, ruwa garau a sama, kuma wannan farin shi ne maganin. Sai an mirgina kwalbar tsakanin tafukan hannu a hankali kamar sau goma, an juya ta sama da ƙasa kamar sau goma, har ta zama fara bai ɗaya, ba tare da girgiza mai tayar da kumfa ba. Wanda ke zuƙa ba tare da wannan ba, yau zai samu allura mai rauni, gobe mai ƙarfi, ya yi ta mamakin yadda lambobin safe suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Hanya ta uku ita ce komawa ga sabbin insulin masu dogon aiki, wato glargine, wanda ya fito da sunan Lantus a shekarar 2000 kuma yanzu kamfanoni da dama ke yin irinsa, ko degludec mai sunan Tresiba. Bambancinsu da NPH shi ne ba su da ƙololuwa mai tsini. Glargine yana aiki kusan awa 24 a shimfiɗe, degludec kuma ya haura awa 42, har ya sa jinkirin 'yan awanni a lokacin allura ba ya yi masa illa sosai. A babban gwajin da aka buga a 2003, wanda ya ƙunshi mutum 756 masu nau'i na biyu, wato waɗanda jikinsu ke yin insulin amma bai wadatar ba, na tsawon mako 24, an kwatanta glargine da NPH, dukansu lokacin kwanciya, sai aka samu sun sauko da matsakaicin sukari na wata uku daidai wa daida, zuwa wajen kashi 7 cikin ɗari a ma'aunin wannan gwajin jini, amma faɗuwar sukari cikin dare ta fi ƙaranci a ɓangaren glargine. Wannan ya bayyana abin da mutum yake saya da ƙarin kuɗinsa: kwanciyar hankali da daddare, ba wani ƙarin ƙarfi wajen sauko da sukari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka waɗannan insulin cikin jerin muhimman magunguna a 2021, amma har yanzu sun fi NPH tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane kantin magani na ƙaramin gari ke ajiye su ba. Wanda zai fara ya yi wata biyu kuɗi ya yanke masa, ya koma tsallake kwanaki, gara ya tsaya a kan NPH ɗin da zai iya saye duk wata.

Akwai kuma abin da masu yabon glargine ba su cika faɗa ba. Shimfiɗewar da ta sa ya fi aminci ita ce kuma ta hana shi magance hawan asuba na ainihi gaba ɗaya, domin bukatar jiki tana tashi da asuba shi kuwa ba ya tashi. Idan aka yi ta ƙara shi har sai lambar safe ta sauko, sai a wayi gari sukari yana faɗuwa da hantsi ko da la'asar, musamman ga manomi ko mai aikin ƙarfi. A irin wannan hali NPH na lokacin kwanciya, duk da tsufansa, yana iya fin dacewa da siffar matsalar. Wanda glargine ya fi yi wa amfani shi ne wanda aka kama yana faɗuwa cikin dare duk da an gyara lokaci, da wanda ya daina jin alamun faɗuwa, da mai kwana shi kaɗai. Idan za a koma masa daga NPH na sau biyu a rana, ana fara shi ne da ragin kusan kashi 20 cikin ɗari na jimillar, ba a haɗa shi da wani insulin a sirinji ɗaya, kuma tun da garau yake kamar mai saurin aiki, sai a ɗaura wa biron allurar ko kwalbar wata alama don kada a yi kuskure cikin duhu.

Hanya ta huɗu ba ta allura ba ce, kuma ita ce ta mutum na uku wanda ya kwanta da 250. Malmalar tuwon shinkafa biyu bayan isha'i, a bi da fura ko shayi mai madara da sukari, a kwanta nan take, babu allurar dare da za ta share wannan ba tare da haɗari ba. Gyaran shi ne a dawo da abincin kusa da magariba, a rage tuwon a ƙara miyar ganye da wake ko kifi, a ɗan taka na minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan ci, sannan idan lambar kwanciya ta ƙi sauka likita ya duba allurar da ke gaban abincin. Nama mai kitse kamar tsire ko balangu da daddare yana da nasa salon, domin kitse yana jinkirta narkewar abinci, sai sukari ya yi kyau lokacin kwanciya ya tashi bayan awa huɗu ko biyar. Ga mai nau'i na biyu kuma akwai metformin, ƙwaya mai arha wadda babban aikinta rage sukarin da hanta ke fitarwa, kuma galibi ana ci gaba da shanta tare da insulin muddin ƙoda tana da lafiya. Wasu suna ajiye ta da kansu ranar da aka fara yi musu allura, suna zaton allurar ta maye gurbinta, daga nan sukarin safe ya fara hawa.

Famfon insulin, ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a jiki tana ɗiga insulin mai saurin aiki dare da rana, shi kaɗai ne ake iya saitawa ya ƙara ɗiga daga ƙarfe uku ko huɗu ya rage bayan hantsi, don haka shi ne amsar da ta fi dacewa da hawan asuba a wurin mai nau'i na ɗaya. Tsadarsa da wahalar samun kayan da ake canza masa duk kwana biyu ko uku sun sa ya yi wa mafi yawan mutanenmu nisa. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne maɓallin bin sukari irin FreeStyle Libre, da ake mannawa a damtse ya yi kwana 14. Ko sau ɗaya mutum ya iya sayensa, zai ga zanen dare goma sha huɗu cif, ya huta da tashin ƙarfe uku, kuma likita zai samu abin da zai yanke hukunci a kansa.

Duk wannan kwatance ya ginu ne a kan cewa insulin ɗin yana da rai kuma yana shiga jiki yadda ya kamata, kuma ba kullum haka take ba. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 da 8, ba sashen ƙanƙara ba, domin wadda ta daskare ta lalace. Wadda ake amfani da ita tana jure kusan mako huɗu a ɗaki idan zafi bai haura digiri 30 ba, alhali a watan Maris da Afrilu zafin Sakkwato ko Yamai ko Maiduguri yana haura 40. Inda babu wutar lantarki tsayayya, a sa kwalbar cikin gwangwani mai murfi a ajiye a jikin randa ko cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Sannan a sa tafin hannu a shafa ciki da cinya, idan aka ji wani dunƙule mai tauri kamar roba a inda aka saba soka allura, to a ƙaurace masa, domin insulin da aka zuba a irin wannan wuri yana shiga jini ba bisa tsari ba. Mutane suna son wurin ne saboda ba ya zafi, kuma wanda ya koma sabuwar fata ya kamata ya tsananta gwaji a kwanakin farko, tun da yunit ɗin da ya saba yi zai iya fin ƙarfinsa yanzu. Zazzaɓi, ciwon haƙori ko gyambo a ƙafa, da magunguna irin dexamethasone da wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, duk suna ɗaga sukari, kuma idan su ne sanadi, sauya insulin ba zai tsinana komai ba sai an magance su.

Akwai halin da ba a tsayawa kwatanta hanyoyi. Idan sukarin safe ya haura 250 kuma akwai amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, ko numfashi mai zurfi da sauri, musamman ga yaro ko matashi mai nau'i na ɗaya, wannan alamar guba ce ta fara taruwa a jini saboda ƙarancin insulin. A ba shi ruwa idan yana iya sha, kada a dakatar da allurarsa don ya ƙi cin abinci, kuma a kai shi asibiti a wannan safiyar tare da kwalbar insulin ɗinsa da littafin gwajin.